Mijin da Ya Manta Sunanta

Ijeoma ta zo Daura tana amarya, ba ta jin ko "zo in kashe ki" da Hausa. Mijinta Anselm ne ya riga ta zuwa, ya kama ɗan shago a kusa da tasha yana sayar da kayan gyaran keke, da babura suka cika gari ya koma kayan babur. A nan suka haifi 'ya'yansu, a nan suka aurar da su, har furfura ta rufe musu kai su biyun. Hausa ta zauna a bakin Ijeoma ta yadda in tana ciniki a bayan labule ba za ka ce ba 'yar gari ba ce. Mutanen unguwa kuwa ba sa wahalar da harshensu, Baba Ansalam suke ce wa mijin, ita kuma Maman Chinonso, da sunan ɗansu na fari.

A ƙaramar majami'arsu Anselm ne katikis. Shi ke koya wa yara addu'o'i, shi ke shirya masu neman baftisma, ranar Lahadin da Fada, limamin majami'ar, ya tafi wani ƙauye kuma shi ke jan jama'a sujada. Mutum ne mai sanyin murya, ko yaron shago bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Ijeoma kuwa da addu'a aka san ta. Abin da ta yarda da shi tun tana yarinya ba shi da wuyar faɗa: in ka roƙa da gaske, ka haɗa da azumi, za a ba ka. Kuma ta ga hakan da idonta. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da Chinonso har aka fid da rai, azumi ta yi ya tashi. Da gobara ta cinye layin shagunansu, a bangon shagon Anselm wutar ta tsaya. Saboda haka matan coci suka mai da ɗakinta wurin kai kuka, mai neman haihuwa da wadda mijinta ya kama shan giya duk wurinta suke zuwa, ita kuma ta kama hannunsu ta ce su kwantar da hankali, an gama. Tana faɗa ne da iyakar gaskiyarta.

Abin ya fara da ƙananan mantuwa. Anselm ya ajiye makullin shago a cikin tukunyar miya, ya gai da maƙwabcinsu Malam Lawal sau biyu a tsayuwa ɗaya, aka yi dariya aka ce tsufa ne. Sai wata Lahadi da damina ta kusa, yana tsaye gaban jama'a yana jan addu'ar Ubangiji, wadda ya koya wa rabin mutanen da ke zaune a wurin, ya tsaya cak a tsakiya. Jama'a suka ƙarasa da kansu suna jiran ya ci gaba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, sa'an nan ya tambayi wani dattijo da ke layin gaba ko me ya zo saya.

Chinonso ya zo daga Kano ya kai shi wurin likita a Katsina. Likitan ya yi gwaje-gwajensa, ya zaunar da su ya ce ciwon mantuwa ne irin na tsufa, ba ya warkewa, gaba zai riƙa yi, abin da za a iya kawai shi ne a kula da shi kada ya ji ciwo ko ya ɓata. Chinonso ya yi ta share hawaye a mota. Ijeoma ko ɗigo ba ta zubar ba. Ta ce likita ya faɗi abin da ya karanta, amma akwai wanda ya fi likita, kuma ta san ƙofarsa. Da ɗan ya kawo zancen a nemo mai taya ta jinya, ko su koma wurinsa Kano, ta ce ba a buƙata, kafin Kirsimeti babansa zai koma bakin aikinsa.

Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Aka sayar da kayan shago aka rufe. Turanci ya fara zubewa daga bakin Anselm, Hausa ta bi baya, ya rage sai Ibo, shi ma irin na ƙauyensu da ya bari tun yana saurayi. In Malam Lawal ya leƙo gaisuwa sai ya ƙura masa ido kamar baƙo. Ijeoma ta daina zuwa da shi coci, wanda ya tambaya ta ce jiki ne da sauƙi. Ta rufe ƙofa ta yi ta fama ita kaɗai, wanka, wankin zannuwan da yake ɓatawa, ba shi abinci a baki, tana yi tana jan carbi.

Ranar da ta fi tsaya mata a rai wata safiya ce da ta kawo masa ruwan wanka. Ya janye jikinsa ya tambaye ta wace ce ita, kuma ina ta kai matarsa. Ta ce ita ce Ijeoma. Ya ce ƙarya take yi, Ijeoma yarinya ce kyakkyawa, ba tsohuwa ba. Da ta kama hannunsa za ta cire masa riga, sai ya kife ta da mari. Ta zauna a ƙasa riƙe da kunci, ba zafin marin ne ya dame ta ba. Mutumin da suka yi shekara arba'in da wani abu tare bai taɓa ce mata ko "ke" da faɗa ba, yau shi ne yake kallonta da tsoro da ƙiyayya. Ta durƙusa a nan inda take za ta yi addu'a, sai ta ji abin da ke fitowa daga bakinta ba roƙo ba ne, tuhuma ce. Tana tambayar Allah abin da suka yi masa, tana lissafa masa yaran da Anselm ya koyar da azumin da ita ta yi. Da ta gane abin da take yi sai tsoro ya kama ta, ta tashi ba ta ƙarasa ba.

Duk da haka matan coci ba su daina zuwa ba. Takan tare su a tsakar gida, ta kama hannunsu ta faɗi abin da ta saba faɗa, amma a cikinta tana jin maganar kamar kwanon da ba komai a ciki. Ɗaya daga cikinsu, Munachiso, mai shagon atamfa, ta ji ihun Anselm daga ɗaki ta gane abin ya wuce yadda ake faɗa. Ta ja Ijeoma gefe ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannun maƙiya ne, kuma ta san wani mai addu'a da ke zuwa daga Kudu wanda aljanu ke gudu in sun ji muryarsa. Ijeoma ta san Fada ba zai so ba, ta kuma san Anselm da yana cikin hankalinsa da ba zai bar irin mutumin ya taka masa ƙofa ba. Amma ta ce a kawo shi.

Mutumin ya zo da rana tsaka da kwalbar man zaitun da mata biyu masu amsa masa. Suka kewaye Anselm a kujerarsa suna tafi suna buga ƙafa, mai addu'ar ya dafe masa kai yana daka tsawa yana umartar abin da ke cikinsa ya faɗi sunansa. Anselm ya fara rawar jiki. Da aka zuba masa mai a ka ya gangaro masa cikin ido, sai ya zame daga kujera ya rarrafa ƙarƙashin tebur, ya ƙudundune yana kuka yana kiran mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun kafin a haifi Chinonso. Mai addu'ar ya ce alama ce mai kyau, abin ya ji wuta. Ijeoma tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce a ci gaba ba, ba ta kuma ce a bari ba. Kafin ya tafi ya ce mata aiki ya yi nisa, saura nata: ta yi azumi ba ci ba sha har sai ta ga canji, in ba a gani ba to bangaskiyarta ce ta yi rauni.

Ta ɗauki azumin. Mace mai shekaru kusan saba'in, ga hawan jini, ga aikin jinya. A rana ta uku da hantsi ta zauna a bakin gado don jiri ya sake ta, ba ta san lokacin da ta sulale ba. Da ta farfaɗo rana ta karkata, ƙofar gida a buɗe, kujerar Anselm babu kowa.

Ta fita ba ko ɗankwali, ta faɗa gidan Malam Lawal. Matarsa Haulatu tana tankaɗe a tsakar gida. Shekara da shekaru suna katanga ɗaya, suna aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti, amma tun da ciwon ya yi tsanani Ijeoma ta ja jiki har da ita. Haulatu ba ta tsaya tambayar yadda aka yi ba, ta zaunar da ita ta aika a kira maigida daga kasuwar dabbobi. Nan da nan samarin unguwa suka bazu a kan babura, wasu tasha, wasu asibiti, wasu hanyar Katsina. Ijeoma ta ce ita ma za ta bi, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta.

Damina ce, gero ya yi tsawo ya rufe gonaki, kududdufai sun cika. Tana zaune a kan tabarmar Haulatu tana ganin mijinta a cikin kowane kududdufi da ta sani a bayan gari. Ta laluba carbinta ta rasa, ta bar shi a ɗaki. Ta buɗe baki ta roƙa, sai ta ga ba ta da wani abin da za ta miƙa. Azumin da take taƙama da shi shi ne ya buɗe masa ƙofa. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Yesu, ka gan shi inda yake." Ta yi ta maimaitawa a hankali, ba ta ma san ko addu'a ce ba.

Bayan la'asar wayar Malam Lawal ta shigo. An ga Anselm a hanyar Sandamu, a gonar wani mutum mai suna Harisu. Aka samo mota aka ɗauki Ijeoma da Haulatu. Suka same shi zaune a gindin bishiyar tsamiya a gefen gona, ƙafafunsa duk ƙaya da jini, takalmi ɗaya ya ɓace, amma fuskarsa a sake kamar yadda ta daɗe ba ta ganta ba. Harisu ya ce ya zo duba gona ya tarar da tsoho a sunkuye yana cire masa ciyawa a kunya, yana yi yana waƙa da yaren da bai sani ba. Ya yi masa magana bai gane ba, sai ya kamo hannunsa ya kawo shi inuwa ya dama masa fura, ya sha sosai. Wani mai babur da ya taɓa sayen kaya a shagon Anselm ne ya gane shi.

Ijeoma ta durƙusa gabansa tana kuka tana cire masa ƙaya. Anselm ya dube ta da tausayi, ya juya ga Harisu ya yi masa magana da Ibo. Harisu ya tambayi abin da ya ce. Da ƙyar ta iya fassarawa: cewa ya yi wannan baiwar Allah ta gaji, a ba ta ragowar furar. Harisu ya miƙo ƙwaryar. Ta karɓa ta sha.

Washegari Haulatu ta shigo da kwanon tuwo, ta ajiye ta zauna ba a ce ta zauna ba. Ta ce ita ba ta san addinin su Ijeoma ba, ba kuma za ta sa baki a ciki ba, amma ta san gigin tsufa, domin ita ta yi jinyar uwar mijinta a Baure har ta rasu, tsohuwar tana zaginta tana ce mata ɓarauniya. Ta ce babu wanda ke iya wannan aikin shi kaɗai, kuma babu mai iya shi da yunwa.

"Maman Chinonso, kin rufe mana ƙofa kamar abin kunya ne ya same ku," in ji ta. "Ciwo ne. Ki ci abinci, ki bar mutane su taimake ki."

Ijeoma ta ce ta ji. Ba ta ji daɗin maganar ba, domin ita ta saba faɗa wa mutane abin da za su yi. Amma ta ci tuwon.

Labari ya kai kunnen Fada, ya zo gidan. Yaro ne a wurinta, bai fi sa'an autanta ba, kuma a da takan ɗan raina wa'azinsa a ranta. Ta zaci faɗa zai yi a kan mai addu'ar da ta kawo, sai bai ta da zancen ba. Ya zauna kusa da Anselm ya riƙe hannunsa, Anselm yana wasa da maɓallin rigarsa. Ita ce ta fara magana. Ta ce ta roƙa ba a ba ta ba, ta yi azumi ba a dube ta ba, yanzu ba ta san yadda ake addu'a ba, kuma ba ta san abin da ta yi ta faɗa wa matan nan shekara da shekaru ba. Fada ya ce shi ma bai san dalilin da ya sa aka tashi Chinonso aka bar Anselm ba, ba zai ƙirƙiro mata amsa ba. Sai ta yi tambayar da ta daɗe tana ci mata rai.

"Fada, mutumin nan ya manta sunan Yesu. Ko alamar gicciye bai iya ba. In ya mutu a haka, ina za shi?"

Fada ya ce, "Mama, ke ma ya manta sunanki. Kin daina yi masa wanka?"

Ta ce a'a.

"To ban ga yadda za a yi ki fi Allah riƙon amana ba."

Maganar ba ta ɗauke mata nauyin ba, amma ta zauna mata. Ta yi ta juya ta a ranta tana wanki, wata rana ta yarda, wata rana ta ce magana ce kawai irin ta masu lallashi.

A taron zumuntar mata na gaba ta miƙe ta faɗi gaskiya. Ta ce mijinta ba zai warke ba, ta ɓoye musu ne don kada a ce addu'ar Ijeoma ta kasa, kuma tana neman wadda za ta riƙa zama da shi ko na ɗan lokaci ne don ta samu ta runtsa. Munachiso ta ce wannan maganar rashin bangaskiya ce, bai kamata ta fito daga bakin babba ba, ta ɗauki jakarta ta fita, wasu biyu suka bi ta. Daga ranar masu kawo mata kuka suka ragu ƙwarai, abin kuma ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata. Amma waɗanda suka rage suka raba kwanaki a tsakaninsu. Wata ta zo da safe, wata da yamma, Haulatu kuma ta sa aka yi wa ƙofar gidan sakata daga sama inda hannun Anselm ba ya kaiwa. Chinonso ya riƙa zuwa duk ƙarshen mako.

Koyon karɓa ya yi wa Ijeoma wuya. Takan ji haushi in ta ga wata ta gyara mata kicin ba yadda ta saba ba, ko an ga zanin gadon da ya ɓaci. Addu'arta ta gajarce, babu dogon jawabi, babu sharaɗi. Wani lokaci zama kawai take yi kusa da shi da carbi a hannu ba ta ce komai ba. Akwai ranakun da takan ji kamar ba su kaɗai ne a ɗakin ba, akwai kuma ranaku masu yawa da ba ta jin komai sai warin magani da gajiya, ta tashi ta yi abin da ke gabanta.

Anselm ya ƙara ganin damina biyu. A ƙarshe ya daina tafiya, ya daina magana sai kalma ɗaya ɗaya. Wata safiya cikin zafin bazara tana ba shi koko, ya kau da kai ya furzar, ya kira mahaifiyarsa, ya ja numfashi, shi ke nan. Ijeoma ta ajiye kofin ta rufe masa ido. Abin da ta fara ji a ƙirjinta sauƙi ne, kamar an sauke mata kaya, kafin baƙin ciki ya biyo baya, kuma wannan sauƙin ya daɗe yana damunta.

Aka ɗauki gawar zuwa garinsu a Kudu kamar yadda ya saba cewa yana so. Bayan an binne shi, matan dangi suka kewaye ta a tsakar gida suna yi mata ta'aziyya. Wata tsohuwa, matar yayansa, ta ce ai mutum irin Anselm, katikis guda, ta tabbata da addu'a a bakinsa ya cika, ta roƙi Ijeoma ta faɗa musu kalmarsa ta ƙarshe don yara su ji su yi koyi. Duk suka zuba mata ido. Da ta ce eh da kowa ya ji daɗi, babu kuma mai ƙaryata ta.

"Bai yi addu'a ba," in ji ta. "Koko ya furzar, ya kira babarsa. Ya daɗe bai san kowa ba, har ni."

Matan suka sunkuyar da kai, wata ta yi gyaran murya. Tsohuwar ta ce to Allah ya ji ƙansa, da muryar wadda ba ta samu abin da ta nema ba.

"Zai ji," Ijeoma ta ce. "Ban san abubuwa da yawa ba yanzu kamar da, amma wannan ina sa rai."

Can aka kira mata su zo a raba wa baƙi abinci, suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ijeoma ta ɗan ƙara zama, gwiwoyinta suna mata ciwo saboda doguwar tafiyar mota, sa'an nan ta nemi wata jikarta ta kama ta ta miƙe.